Akwatin Gwanjo Ya Tono Ƙuruciyar Mutanen Shikago

A cikin shekarar 2007, a wani gidan gwanjo da ke Birnin Shikago na ƙasar Amurka, aka fito da waɗansu akwatuna da kwalaye na wata tsohuwa wadda ta kasa biyan kuɗin hayar ɗakunan ajiyar da ta jibge kayanta a ciki. Ƙa'idar irin waɗannan ɗakuna kuwa ita ce, idan mai kaya ya daɗe bai biya ba, sai a buɗe ƙofa a sayar da abin da aka tarar. To, haka aka yi wa wannan baiwar Allah. Masu sayen tsofaffin kaya suka taru aka yi ta tayi, kowa ya kwashi rabonsa ya kama gabansa.

Daga cikin waɗanda suka taya akwai wani saurayi ɗan shekara 26 da haihuwa mai suna John Maloof. Dillalin gidaje ne, a lokacin kuwa yana cigiyar tsofaffin hotuna saboda wani littafi da suke shiryawa na tarihin unguwarsu, Portage Park. Ya ba da kimanin dala 400, aka miƙa masa kwali guda cike da dodon hoto wajen 30,000, watau irin fim ɗin nan da in an ɗaga shi a haske sai a ga fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, wanda daga jikinsa ake buga hoto a kan takarda. Ya je gida ya dudduba, bai ga unguwarsu a ciki ba, sai ya tura kwalin cikin kabad ya ci gaba da sha'aninsa.

Mai kayan kuwa tana nan da ranta a cikin birnin. Maƙwabtanta na unguwar Rogers Park sun san ta, wata doguwar tsohuwa mai hula da babbar kwat, wadda takan zauna ita kaɗai a kan benci a bakin Tafkin Mishigan, ba ta cika son a yi mata magana ba. A ƙarshen 2008 santsin ƙanƙara ya kwashe ta ta bugu a ka, aka kai ta asibiti, daga nan ba ta sake komawa ɗakinta ba. Ta rasu ran 21 ga watan Afril na 2009 tana da shekara 83. Kwanaki kaɗan bayan haka Maloof, wanda a lokacin ya riga ya gane cewa abin da ya saya ya wuce tarkace, ya nemi sunan da ya gani a jikin wata ambulan daga cikin kayan a intanet, sai ya yi kiciɓis da sanarwar rasuwarta a jaridar Chicago Tribune. Sanarwar ta ce ita uwa ce ta biyu ga waɗansu maza uku 'yan'uwan juna, waɗanda ta rena tun suna ƙanana.

Sunanta Vivian Maier. Sana'arta renon 'ya'yan mutane, shekara wajen 40 tana yi. Amma a cikin waɗannan shekaru ta ɗauki hotunan da suka haura 100,000, galibinsu a kan titi, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta, kuma da ƙyar take nuna wa wani. Ko da dubu ɗarin kawai aka ɗauka aka raba a kan shekara 40, hoto bakwai ke nan a kowace rana ta Allah, da zafi da hunturu. A yau ana lissafa ta cikin manyan masu ɗaukar hoton titi na ƙarni na 20.

HOTON SALLAH DA HOTON TITI

Mai karatu ya san hoton da aka saba da shi. Ranar sallah a yi wa yara wanka, a sa musu sababbin kaya, a rangaɗa musu kwalli, a kai su shagon mai hoto a jera su gaban labulen da aka zana wa gidan bene ko jirgin sama, a ce kowa ya tsaya cak kada ya ƙifta ido. Wannan hoto abin ajiyewa ne, babu shakka. Sai dai abin da yake nunawa shi ne yadda iyaye suka so a ga 'ya'yansu a rana ɗaya tak cikin shekara. Sauran ranakun, da ƙurar da ke ƙafa, da rigar da ta ɓarke a kafaɗa, da mai rake na ƙofar makaranta, da katangar da ake hawa a tsinko mangwaron maƙwabta, duk ba su sami shiga ba, alhali kuwa a cikinsu aka yi ƙuruciyar.

Hoton titi shi ne wanda yake kama waɗannan sauran ranaku. Mai ɗaukarsa yakan rataya kyamara ya shiga gari bai san abin da zai gamu da shi ba, ya ɗauki mutane a cikin harkarsu, ba a gyara zama ba, sau da yawa ma ba su sani ba. Abin bai yiwu ga talaka ba sai da kyamara ta yi araha ta kuma rage nauyi. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai amfani da fim na naɗi, a 1900 kuma kamfaninsa ya fito da Brownie, wani ɗan akwati na kwali da ake sayarwa dala ɗaya, wanda ko yaro yana iya sarrafa shi. A 1925 Jamusawa suka fito da Leica mai shiga aljihun kwat. Da irinta ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya yi suna, da irinta kuma Helen Levitt ta bi unguwannin talakawan Birnin Niyok tun daga ƙarshen shekarun 1930, tana ɗaukar yara suna wasa a bakin hanya da zanen da suke yi da alli a jikin bango.

Waɗannan sun ci moriyar aikinsu tun suna da rai, an buga su a littattafai, an rataya hotunansu a gidajen nuni. Amma a bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai dubban mutane, akawuna da malaman makaranta da direbobi, waɗanda abin ya zame musu sha'awa kurum, kamar yadda wani yake kiwon tantabara. Yawancin hotunan irin waɗannan mutane a juji suke ƙarewa, ranar da magada suka zo share ɗaki. Na Vivian ma saura ƙiris su bi wannan hanya.

'YAR NIYOK MAI HARSHEN FARANSA

An haife ta a Birnin Niyok ran 1 ga watan Fabrairu na 1926. Uwarta Bafaranshiya ce, ubanta mutumin Ostiriya, auren kuwa bai yi ƙarko ba. Ƙidayar jama'a ta 1930 ta nuna ita da uwarta suna zaune gida ɗaya da wata mata mai suna Jeanne Bertrand, wadda sana'arta ɗaukar hoto ce. Daga 1932 zuwa 1938, watau tun tana shekara 6 har ta kai 12, a Faransa ta zauna, a kwarin Champsaur da ke cikin duwatsun Alps, mahaifar uwarta, ƙasar manoma da makiyaya. Can ta yi ƙuruciyarta, can kuma harshenta ya karye, har ta mutu Turancinta yana da ƙamshin Faransanci, abin da ya sa da yawa daga iyayen gidanta suka ɗauka baƙuwa ce.

A wajen 1950 ta koma wannan kwari don sayar da wata gona da ta gada daga 'yar'uwar kakarta. A wannan zuwa ne ta shiga ɗaukar hoto gadan-gadan da wani ɗan akwati mai araha, tana bin ƙauyuka tana ɗaukar duwatsu da dabbobi da mutane a ƙofar gidajensu. Ta dawo Niyok a 1951 ta kama aikin reno, a 1952 kuma ta sayi kyamarar da ta zame mata abokiyar tafiya, watau Rolleiflex. A 1956 ta koma Shikago, ta sami aiki a Highland Park, unguwar masu hali da ke arewa da birnin, a gidan yaran nan uku maza. Ta zauna da su har 1972. An ba ta ɗakinta da makewayi nata na kanta, sai ta mai da makewayin wurin wanke fim.

In an duba, ba ta yi mugun zaɓi ba da ta riƙe wannan sana'a. Ci da kwana suna wuyan masu gida, albashi kuwa ya tafi a sayen fim, sa'an nan aikin kansa ya ƙunshi fita da yara shan iska, ita kuwa fitar take nema. A 1959 ta ɗauki hutu na watanni ta shiga duniya ita kaɗai, ba miji ba ɗan rakiya, ta ratsa Filifin da Tailan da Indiya da Yaman da Masar da Italiya, ta sake taka kwarin su na Faransa, sa'an nan ta dawo wa yaranta da tulin fim a cikin jaka.

KYAMARA A TSAYIN YARO

Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa hotunan wannan mata suke taɓa zuciyar tsofaffi haka, sai ya fara da duban kyamararta. Rolleiflex akwati ne mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda aka fara ƙerawa a Birnin Braunschweig na Jamus a 1929. Idon ƙasa shi ke ɗaukar hoto, na sama kuwa shi ke nuna wa mai ɗauka abin da ke gabansa, ta wani madubi da yake jefa surar a kan gilashi a saman akwatin. Saboda haka ba a kai ta fuska kamar sauran kyamarori. Ratayawa ake yi a wuya ta sauko wajen cibiya, mai ɗauka ya sunkuyar da kai yana duban gilashin, kamar mai ƙirga canji a tafin hannu. Ƙarar maɓallinta kaɗan ce, hayaniyar titi ta isa ta haɗiye ta. Fim ɗinta hoto 12 kawai yake ci, kowanne santimita 6 a tsaye 6 a kwance, a cikin gilashin kuwa dama takan koma hagu, don haka sai wanda hannunsa ya faɗa yake iya bin mai tafiya da ita.

Amfanin wannan tsari na farko shi ne mutum ba ya jin an auna shi. Wanda aka ɗaga wa kyamara a fuska, ko dai ya murtuke ko ya yi murmushin ƙarya. Amma mace mai hula da ta sunkuya tana duban wani abu a cikinta, ga kuma yara biyu suna riƙe da gefen kwat ɗinta, wa zai kula da ita? Haka ta riƙa matsawa dab da mutane, har ana iya ƙirga tamojin fuskarsu a cikin hoto.

Amfani na biyu ya fi wannan, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Kyamarar da take a wajen cibiyar babba, idonta bai wuce tsayin idon yaro ɗan shekara biyar ko shida ba. Daga wannan tsayi manya sukan yi tsawo ainun, a fara ganin haɓarsu da ƙofar hancinsu kafin a ga idonsu. Abin da ke kusa da ido shi ne jakar hannu, da maɓallin kwat, da hannun miji da na mata a sarƙe, da takalmin da ya sha faci, da kare. Yara kuwa ido da ido ake yi da su. Duk wanda ya taɓa komawa gidan da ya tashi a ciki, ya tarar katangar da a da yake gani kamar ganuwa ashe iyakarta kafaɗarsa, ya san cewa ƙuruciya tana da nata tsayin. Daga can ƙasa yaro ya ga duniya, daga can kuma ya adana ta a ransa. To, hotunan Vivian daga wannan tsayi aka ɗauke su. Shi ya sa dattijon Shikago da ya tsaya gabansu yakan ga titin kamar yadda ya gan shi sa'ad da yake riƙe da hannun uwarsa.

Akwai wani hoto nata na Niyok da ya yi suna ƙwarai. Wata yarinya ce tsaye gaban gilashin kanti, fuskarta duk dauɗa, idonta da alamar kuka, ta harɗe hannuwa a ƙirji, da agogon manya a wuyan hannunta, tana duban kyamarar kamar mai cewa to sai me. Akwai wani na yara biyu maza, Baƙar fata a durƙushe yana goge wa Farar fata takalmi, su biyun kusan sa'o'in juna. Akwai na wani mai sayar da jaridu da barci ya sace a cikin rumfarsa, mujallu sun kewaye shi sama da ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani uba zai biya kuɗi a ɗauka masa.

Har wa yau, abin da ya fi motsa tsofaffi sau da yawa ba shi ne wanda aka auna ba. Gefen hoton suke dubawa: farashin da aka rubuta a jikin gilashin kanti, irin motar da ke wucewa, sunan sinima, hular ɗan sanda. A ranar da aka ɗauki hoton babu wanda ya ga darajar waɗannan abubuwa, tun da yake kowa yana ganinsu kullum. Amma babbar karar dabbobi da mayankar Shikago, wadda a da take ciyar da Amurka da nama, an rufe ta a 1971. Kasuwar titin Maxwell, inda talakawa da baƙin haure suke sayen gwanjo ran Lahadi, inda kuma Vivian ta sha zuwa da kyamararta, an tashe ta daga mazauninta a 1994 don faɗaɗa wata jami'a. Wanda ya tashi a waɗannan wurare ba shi da inda zai koma ya nuna wa jikansa, sai fa takarda.

ABIN DA YARAN SUKA TUNA

Yaran da ta rena yanzu dattawa ne, kuma ba bakinsu ɗaya ba a kanta. Mazan nan uku na Highland Park alheri suke tunawa. Ta fitar da su daga unguwar masu hali ta nuna musu cikin birni, ta kai su sinima, ta kai su wani kurmi kusa da gida inda suke tsinkar 'ya'yan sitiroberi na daji, waɗansu jajayen 'ya'yan tsiro masu zaƙi da ɗan tsami. Da ta tsufa ta rasa abin hannu, su ne suka kama mata ɗaki suna biyan haya, har ƙarshen ranta.

Amma a cikin fim ɗin tarihinta da Maloof da Charlie Siskel suka fitar a 2013, an ji waɗansu da ta rena a wasu gidaje suna ba da labari dabam. Wata ta ce ɗura mata abinci take yi da ƙarfi in ta ƙi ci, ta kuma kai ta mayanka tana ƙarama ta ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. An kuma ba da labarin ranar da mota ta buge wani yaro na gidan da take aiki, jama'a suka taru a kansa, ita kuwa tana gefe tana ɗaukar hoto. Masu gidaje sun tuna yadda takan nemi a sa mata kwaɗo a ƙofar ɗakinta tun ranar farko, da yadda take tara tsofaffin jaridu har su kusa taɓa rufi, da yadda takan ba masu kanti sunan da ba nata ba.

Babu dalilin ƙaryata ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu. Mutum ɗaya yana iya duban yaro da idon tausayi a cikin gilashi, sa'an nan ya fizge hannunsa da ƙarfi a kan hanyar komawa gida. Hoto abin da ke gaban kyamara yake ajiyewa, ba ya ba da shaida a kan wanda ke bayanta. Waɗannan dattawa kuwa sun sami kansu a wani hali mai wuyar bayani: ƙuruciyarsu tana nan a ajiye dalla-dalla, fiye da yadda iyayensu suka ajiye ta, amma a hannun matar da waɗansunsu suke tsoro. A hotuna da dama ita ma tana ciki, ko dai inuwarta a ƙasa da hularta, ko surarta a gilashin kanti, ba murmushi, da wani ɗan yaro tsaye a gefenta yana jiran ta gama.

Mutanen kwarin Champsaur nasu ya zo da sauƙi. Maloof ya ga hotunan wani ƙauye mai hasumiyar majami'a a cikin kayan, ya yi ta gwada ta da hasumiyoyin ƙauyukan Faransa a intanet har ya gano Saint-Julien-en-Champsaur ne, wani ƙauye na 'yan ɗaruruwan mutane. Da aka kai hotunan can aka rataya, tsofaffi suka zo suna nuna iyayensu da maƙwabtansu da suka daɗe a ƙasa, waɗansu kuma suka ga kansu da gajeren wando. Baƙuwar nan da ta zo daga Amurka tana yawo da akwati a wuya, wadda kuma ta koma ba a sake jin ɗuriyarta ba, ashe ita ce ta riƙe musu fuskokin mutanensu shekara sittin.

FIM ƊIN DA BA A WANKE BA

Bayan ta bar Highland Park a 1972 sai ta shiga sauya gidaje, tana jan akwatunanta daga wannan gida zuwa wancan. Ta koma ɗaukar hoto mai launi da ƙaramar kyamara, mutane suka riƙa raguwa a cikin hotunanta, kanun jaridu da rubutun bango da abin da ke cikin kwandon shara suka riƙa ƙaruwa. Wankin fim yana cin kuɗi, ga shi ba ta da wurin wankewa kamar da. Sai ta riƙa ɗauka tana ajiyewa. A cikin kayanta an tarar da naɗin fim fiye da 2,000 waɗanda ba a taɓa wankewa ba, watau dubban hotuna ke nan da ita kanta ba ta gansu ba, in ban da a daƙiƙar da ta danna maɓalli. Wanda yake yi don kuɗi ko don suna ba zai iya wannan ba. Ga alama a wurinta daɗin abin yana cikin fitar da duban da dannawar.

A watan Oktoba na 2009 Maloof ya sa waɗansu daga hotunan a dandalin Flickr yana tambayar masu sha'awar hoton titi abin da ya kamata ya yi da su. Kafin gari ya waye amsoshi sun yi masa yawa. Ya bi waɗansu daga waɗanda suka taya a ranar gwanjo ya saye nasu, har mafi yawan aikinta ya taru a hannunsa. A watan Janairu na 2011 aka buɗe nunin hotunanta a Cibiyar Al'adu ta Shikago, a wannan shekara kuma aka buga littafin farko. Gidan BBC ya yi nasa fim a kanta a 2013, na Maloof da Siskel kuwa ya shiga jerin masu neman lambar Oska a 2015. A 2021 aka yi babban nuni a gidan Luxembourg da ke Birnin Paris. Hoto guda da aka buga daga fim ɗinta yakan kai dubban daloli, ita da aka sayar wa da kaya saboda kuɗin haya.

WA KE DA HOTON?

Inda kuɗi ya shiga, shari'a ba ta nisa. Vivian ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ba ta bar wasiyya ba. A dokar Amurka kuwa mallakar fim dabam, haƙƙin buga shi a sayar dabam, shi wannan haƙƙi na magada ne har shekara 70 bayan mutuwar mai shi, watau a nan har 2079. Maloof ya nemo wani danginta a Faransa ya ba shi dala 5,000 a kan haƙƙin. Amma a 2014 wani lauya ya tono wani dangin dabam ya kai magana kotu, hukumar gundumar Cook, wadda Shikago take cikinta, ta karɓi riƙon dukiyar marigayiyar. Ciniki ya sami cikas. Wani mai tara hotuna da ke riƙe da dodon hotonta wajen 17,500 ya ga ba zai iya da rigimar ba, ya sayar wa wani gidan nuni a Toronto ta Kanada. Sai a 2016 aka daidaita tsakanin Maloof da hukumar, a kan sharuɗɗan da kotu ta rufe.

Akwai kuma tambayar da kotu ba ta taɓa ba. Matar da ta sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta, ta kuma ɓoye sunanta ga masu kanti, yau mutanen da ba su taɓa ganinta ba su ne suke zaɓen wanda za a buga daga hotunanta, da girman da za a buga shi. Pamela Bannos, wadda ta rubuta tarihinta a 2017 tana malama a Jami'ar Northwestern, ta yi ƙorafi a kan wannan, tana ganin an mai da ita mai reno mai abin al'ajabi, alhali kuwa mai hoto ce da ta san abin da take yi, reno hanyar cin abinci ce kawai. Masu goyon bayan Maloof kuma suna nuna wata wasiƙa da aka samu a cikin kayanta, wadda ta rubuta da Faransanci zuwa ga wani mai wankin hoto na kwarinsu, tana neman ya riƙa buga mata hotunanta, tana kuma cewa a ganinta ba su da laifi. Suna kuma cewa, da gaskiyarsu, in ba don wannan saurayi ba da tuni kayan sun watse. A 2017 ya ba ɗakin karatu na Jami'ar Shikago kyautar hotuna wajen 500 daga waɗanda aka buga tun tana da rai, inda masu bincike suke iya ganin waɗanda ita da kanta ta zaɓa.

Su ma waɗanda ke cikin hotunan ba a tambaye su ba. Dokar Amurka ba ta hana ɗaukar mutum a kan titi ba, amma abin da doka ta bari ba lalle ne kunya ta yarda da shi ba. A cikin hotunanta akwai mashayin da ya faɗi a bakin hanya, akwai wanda 'yan sanda suka riƙe, kowannensu kuwa uban wani ne ko ɗan wani. Jikan mai sayar da jaridun nan zai yi murna da ganin kakansa. Jikan wanda ya faɗi a bakin hanya fa?

Su dai mazan nan uku, tun kafin a fara wannan ja-in-ja suka sallami uwar renonsu. Bisa al'adar waɗansu mutanen can aka ƙone gawar, suka ɗauki tokar suka kai kurmin nan da take kai su tsinkar sitiroberi suna yara, suka watsa ta a can.